Memorin Bai Mutu Ba, Kwamfutar Ce Ba Ta Iya Karanta Shi Ba

A shagunan cajin waya da na masu tura fina-finai, daga Kampanin Bobi har cikin Kontagora, akwai hukuncin da ake yankewa kullum ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba: "Memorin nan ya mutu, sai fomatin." Mutum ya kawo memorinsa ko filas ɗinsa, a zura a kwamfuta, ta fito da saƙo cewa sai an yi masa fomatin kafin ya yi aiki. Yaron shago ya dubi mai kaya ya ce, "Baba, bairos ne ya cinye shi," a danna maɓalli, shi ke nan. Hotunan biki da karatun malamai da aka yi shekaru ana tarawa, da takardun makarantar yara, duk sun tafi kafin a ƙifta ido. Yanzu kuma an sami sabon wanda za a ɗora wa laifi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ta hawa kan mafi yawan laftof ɗin da aka ƙera kafin wajajen 2018, wato irin 'yan gwanjon da ɗalibai da masu shaguna ke iya saye. Mafita mai sauƙi ga irin waɗannan kwamfutoci ita ce Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ake samunsu. Duk inda Linux ta sauka kuwa, tsohon ƙorafi yana biye da ita: wai tana lalata filas, wai filas ɗin da ya shiga cikinta ba ya ƙara buɗewa a wani wuri. Gaskiyar maganar ita ce, a mafi yawan lokuta saƙon fomatin ba ya faɗin komai game da lafiyar memori. Gazawar na'urar da aka zura shi a ciki yake bayyanawa, kuma abin da ke hallaka kayan mutane shi ne yatsan da ya amsa mata da "to".

Da farko a ajiye tunanin cewa Linux baƙuwa ce a Bobi. Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da ita a 1991, aka bar rubutunta a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. A kanta Google ya gina Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008. Ke nan duk Tecno da Infinix da Samsung masu Android da ke aljihun dillalan shanu da hannun matan aure, Linux ce ke karɓar memorin da aka sa musu, ita ke buɗe shi, ita ke rubutu a cikinsa. Da tana kashe memori, da tuni babu memori mai rai a Ƙaramar Hukumar Mariga. Maganar kuma ba ƙarama ba ce a wurin da data ke da tsada, sabis yake zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Mutumin Abuja yana iya ajiye hotunansa a intanet ya manta da su. Mutumin Bobi a ɗan abin da bai kai farce ba yake ajiye nasa, kuma kwafi ɗaya ne tak. Da aka katse layukan waya a maƙwabciyarmu Zamfara a Satumbar 2021, abin da ke kan memori shi kaɗai ya rage a hannun jama'a.

A ɗauka ɗan kasuwa yana da sito cike da buhunan masara da dawa da waken suya na mutane daban-daban. Buhunan ba su da suna a jikinsu. Littafi guda ne ya san buhun wane yana layi na nawa, na wane yana wane lungu, ina ne kuma babu kaya. Memori haka yake: miliyoyin ƙananan gurabe da ake zuba bayanai a ciki, da wani yanki da aka ware don rubuta sunan kowane fayil da guraben da ya kwanta a kansu. Yanzu a ce da ajami aka rubuta littafin, sai aka kawo sabon akawu wanda boko kaɗai ya iya. Akawu mai gaskiya cewa zai yi, ban iya karanta wannan ba, a nemo wanda ya iya. Windows ba haka take cewa ba. Cewa take, babu littafi a nan, a ba ni izini in buɗe sabo. Buɗe sabon littafin shi ne fomatin. Daga wannan lokaci sito ya zama fanko a rubuce ko da buhunan na nan jibge, kuma duk kayan da aka kawo daga baya a kansu za a zuba, a murƙushe su ɗaya bayan ɗaya.

Salon rubuta littafin nan iri-iri ne, amma huɗu ne ke yawo a hannunmu. FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996, shi ne wanda kusan kowace na'ura ta iya: 'yar rediyo mai cin memori, sifikar mai shayi, rediyon mota, ƙaramar waya mai maɓalli. Aibinsa shi ne ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, shi ya sa dogon bidiyon biki yake ƙin shiga filas ɗin da ke da fili birjik, a yi ta zagin filas alhali ba shi da laifi. Sai exFAT na 2006, wanda ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar katin SD ta zaɓa ga duk katin da ya wuce giga 32. Sai NTFS, salon Windows kanta tun 1993, wanda ake yawan samu a kan manyan faifan ajiya na waje da masu tura fina-finai ke tara kaya a ciki. Sai ext4, salon gidan Linux tun 2008. Abin lura a nan shi ne wa ya iya karanta na wa. Linux tana karanta huɗun duka. Ta daɗe tana karanta NTFS ta hanyar manhajar NTFS-3G, kuma a 2021 aka sa sabon mai karanta shi a cikin zuciyarta, a siga ta 5.15. Shi ma exFAT ya shiga a siga ta 5.4, bayan Microsoft ya wallafa ƙa'idarsa a fili a Agustan 2019. Windows kuwa uku nata ta iya. Idan ta ga ext4, sai ta nemi a ba ta izinin fomatin. Wanda ya iya rubutu huɗu ake kira mai ɓarna, wanda ya iya uku kuma ya ƙi faɗin gaskiyar iyakarsa ake ɗauka alƙali.

Amma ruwa ba ya tsami banza, ƙorafin yana da tushe. Ɗalibi ya ɗora Ubuntu, ya ga filas ɗinsa yana buƙatar sharewa, manhajar ta jera masa zaɓi, ya zaɓi ext4 don ya ga an ce na Linux ne. A kwamfutarsa komai lafiya. Ranar da ya kai aikinsa shagon buga takardu a Kontagora, kwamfutar shagon ta ce sai fomatin, mai shago ya danna, aikin zango guda ya tafi. Daga nan labari ya bazu cewa Linux ta kashe filas. Irin wannan ne ke faruwa da wanda ya sayi memori mai giga 64 ya sa a rediyonsa ta ƙi ganinsa: katin da exFAT ya zo, rediyon kuwa FAT32 kaɗai ta sani. Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma kafin a zuba kaya ake yin sa. Filas ɗin da zai yi yawo tsakanin hannaye a bar shi a FAT32, ko exFAT idan manyan bidiyo zai ɗauka. A nan ma Linux ta fi sauƙin kai, domin Windows ta shekara da shekaru tana ƙin yi wa abin da ya wuce giga 32 fomatin na FAT32 daga allonta na yau da kullum, ko da yake salon kansa yana iya ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba. A kan Linux mai gyara zai mayar da kati mai giga 64 FAT32 cikin ɗan lokaci, rediyon dattijo ta kama karatu.

Yadda Linux ke karɓar filas ma ya bambanta, kuma bambancin ne ke rikita wanda ya saba da Windows. Babu C, babu D, babu E. Tun zamanin Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a ɗakin binciken Bell na Amurka, ta kuma fito da kundin umarninta na farko a 1971, tsarin da Linux ta gada shi ne folda guda ce uwa, duk sauran a ƙarƙashinta suke. Ganin na'ura daban, ɗaura ta a kan wata folda don a shiga cikinta daban. Idan aka zura filas mai giga 16 a laftof mai Ubuntu, aka buɗe baƙin allon rubuta umarni aka buga lsblk, jeri zai fito: sda, faifan cikin kwamfutar, da yankunansa a ƙarƙashi, sannan sdb mai girman 14.9G ko kusa da haka, da ɗansa sdb1 a maƙale. Wannan ya nuna kwamfutar ta ga ƙarfen. Idan aka ƙara -f a gaban umarnin, za ta faɗi da wane salo aka rubuta littafinsa, vfat ne ko exfat ko ntfs. A rana ta lafiya ba a buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan, domin Ubuntu da kanta take ɗaura filas ɗin a ƙarƙashin /media, tambarinsa ya fito a gefen allo. Ranar da bai fito ba ne baƙin allon ke da amfani. Mai gyara ya buga sudo mount /dev/sdb1 /mnt, ko dai kayan su bayyana, ko ta faɗa masa dalilin ƙi: ba ta gane salon ba, ko farkon littafin ya lalace, ko ba a rufe shi da kyau ba a inda ya fito. Idan kuwa lsblk bai nuna sdb ba sam, a canza rami, a canza abin karanta katin, domin 'yan kadridan nan masu araha sun fi memori saurin mutuwa. Gargaɗi ɗaya: haruffan nan ba su dawwama. Wanda aka fara zurawa shi ne sdb, na biyu sdc, gobe su iya musanya. Mai shagon da ke da faifan fina-finai a zure, ya yi niyyar share filas ɗin kwastoma bai duba girman kowanne ba, yana iya share jarinsa da hannunsa, kuma baƙin allon ba lallai ne ya tambaye shi sau biyu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin cirewa. Memori yana da nawa wajen rubutu, kwamfuta kuwa tana da gaggawa, don haka Linux takan karɓi abin da aka tura ta riƙe a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, tana zuba shi a hankali. A tsarinta na asali abin da ta riƙe yana iya yin kusan daƙiƙa 30 kafin ta fara tilasta rubuta shi, kuma tana iya tara abin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar da ke akwai. Shi ya sa layin da ke nuna ci gaban turi zai iya cika, allo ya ce an gama, alhali rabin fim ɗin bai bar kwamfutar ba. Akawu ya ce "na karɓa", amma buhunan na bakin ƙofa, bai kuma shigar da su littafi ba. Danna alamar fitarwa, ko buga umount, shi ne a ce masa ya ƙarasa shigar da kaya, ya rufe littafi, sannan ya miƙo makulli. Idan ta amsa cewa ana kan amfani da filas ɗin, ba taurin kai take yi ba, akwai fayil ko folda da aka bari a buɗe. Nan take wani zai ce shi shekara nawa yana fizge filas bai taɓa ganin komai ba. Ba ƙarya yake yi ba. Fizge filas ɗin da karantawa kawai aka yi daga cikinsa da wuya ya yi illa, kuma Windows 10, daga sigarta mai lamba 1809 ta 2018, ta ɗauki tsarin rubutawa nan take don masu fizga su tsira. Abin da hujjarsa ba ta kai gare shi ba shi ne sana'ar turi, wadda rubutu ce daga safe zuwa dare, kwastoma na tsaye a ka yana cewa motarsa za ta tashi. FAT32 da exFAT ba su da kundin gefe da ake fara rubuta niyya a ciki kafin a taɓa babban littafi, irin wanda NTFS da ext4 ke da shi. Idan aka yanke su a tsakiyar rubutu, littafin kansa ne ke yagewa, sai a ga folda da sunaye na shirme, ko fim mai girman sifili. Wanda ya yi shekaru yana fizga lafiya, sau ɗaya kawai ake buƙata ya dace da wannan daƙiƙa.

Ba hannun mutum kaɗai ke fizge filas ba. Jihar Neja ce ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mai shago a ƙauyukan Mariga da janareta ko sola yake aiki, kuma laftof 'yar gwanjo sau da yawa batirinta ya riga ya mutu tun kafin ta iso. Mai ya ƙare, injin ya yi tari ya tsaya, kwamfuta ta mutu da filas a cikinta: sakamakon ɗaya ne da fizgewa. Kuɗin sabon batiri bai kai asarar kwastoma guda da ya rasa hotunan aurensa ba, amma ba a lissafa shi haka. Bayan irin wannan ne Linux ke yin abin da ke ƙara jawo mata zargi. Idan ta ci karo da ɓaraka a littafin filas mai FAT32, sai ta koma karantawa kawai, ta ƙi karɓar ko ɗigon rubutu. Mai shago ya ce ta kulle masa filas. Haka take yi wa faifan NTFS da Windows ta bari ba ta rufe ba, abin da ya yawaita tun da Windows 8 ta zo a 2012 da salon kashewar da ba kashewa ba ce, barci ne mai nauyi don ta tashi da sauri. Ƙin rubutun nan kariya ce. Littafin da ya yage, duk wanda ya ci gaba da rubutu a kansa yana iya ɗora sabon kaya a kan tsohon. Abin yi shi ne a kwashe abin da ke ciki tun ana iya ganinsa, sannan a sa manhajar fsck ta duba ta ɗinke, ko a mayar da faifan NTFS ɗin kan Windows a rufe shi yadda ya kamata.

Akwai wuri guda da zargin ya yi kusa da gaskiya, kuma a cikin waya yake. Tun Android 6 ta 2015, wasu wayoyi idan aka sa musu sabon memori sukan tambaya: a riƙe shi a matsayin na ɗauka-ka-tafi, ko a haɗa shi da ma'ajiyar cikin waya? Mai ƙaramar wayar da kullum take kukan ta cika zai zaɓi na biyu, ko mai shago ya zaɓa masa. Wayar sai ta sake rubuta katin da salon Linux, ta kuma kulle shi da makullin sirri wanda ke zaune a cikinta ita kaɗai. Katin nan ba ya buɗewa a wata waya, ba ya buɗewa a Windows, ita kanta laftof mai Linux ba ta buɗe shi. Ranar da aka yi wa wayar filashin ko aka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, makullin ya tafi, kuma babu gwanin da zai dawo da abin da ke ciki. An yi tsarin ne don ɓarawon waya kada ya ga sirrin mutum, kuma yana yin aikinsa. Laifin yana kan mai gyaran da ya karɓi waya ya yi mata filashin bai tambayi mai ita yadda aka sa memorin ba.

Batun bairos kuma rabin gaskiya ce ke yawo ta fuska biyu. Wanda ya fi addabar filas a shagunanmu shi ne mai mayar da foldoji 'yan gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya a kusurwa. Mai kaya ya buɗe ya ga ba komai, alhali filas ɗin na nuna ya cika. Bairos ɗin bai ci komai ba. Alamar ɓoyewa ya manna wa foldojin, wadda Windows ke girmamawa, ya ajiye na bogi a madadinsu don duk wanda ya danna ya kamu. A zura filas ɗin a Linux, wadda ba ruwanta da wannan alama: foldojin asali suna nan reras, sau da yawa a cikin wata folda marar suna, ga kuma tarkacen ɓarawon a gefe, masu ƙarewa da .lnk ko .vbs. A kwashe kaya, a share tarkace, aiki ya ƙare ba tare da fomatin ba. Sai dai masu cewa Linux tana wanke filas su ma sun zarce. Ba ta kamuwa da ƙwayar da aka rubuta don Windows, amma ba ta kashe ta, kuma za ta kwafe ta zuwa filas na gaba idan tana cikin abin da aka tura. Filas ba abin rainawa ba ne a wannan fage, tunda ana kyautata zaton cewa ta hanyarsa bairos ɗin Stuxnet, wanda aka gano a 2010, ya shiga masana'antar nukiliyar Iran da ke Natanz, wadda ba ta haɗe da intanet.

To wanda ya riga ya danna fa? Idan fomatin na gaggawa aka yi, littafi kawai aka sauya, buhunan na nan. Sharaɗi shi ne a daina zuba komai a kai daga wannan daƙiƙa. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ɗaukar kwafin katin gaba ɗaya da manhajar ddrescue, ya ajiye na asali gefe, sannan ya saki TestDisk ko PhotoRec a kan kwafin. Waɗannan biyun na ƙarshe manhajoji ne na kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta. PhotoRec ba ta kula littafi, gurabe take bi ɗaya bayan ɗaya tana gane hoto da bidiyo da sauti ta yadda farkonsu yake, ta dawo da su da lambobi maimakon sunaye. Ba kullum ake dacewa ba, domin cikakken fomatin yana shafe komai, wasu wayoyi ma sukan umarci katin ya goge kansa. Wannan ilimi kuma wuƙa ce mai kaifi biyu da ya kamata mata da 'yan mata musamman su sani. Hoton da aka goge daga memori bai tafi ba, kuma memorin da aka sayar tare da waya, ko aka bari a hannun mai gyara, yana iya fallasa abin da mai shi ya daɗe da mantawa. A cire shi kafin a miƙa waya.

Za a ce duk wannan ya yi wa yaron shago yawa, ga umarnin da Turanci. Amma umarni biyar ne ko shida, kuma yaron da ya haddace hanyoyin cire kullin waya iri goma ba za su gagare shi ba. Abin da ya rasa mai koyarwa ne. Darasin kwamfuta a makarantunmu ya fi tsayawa kan sunayen sassanta da buga wasiƙa, ba a cika gaya wa ɗalibi abin da ke faruwa tsakanin zura filas da cire shi ba. Hukumomi kuwa sun fi gane rabon na'ura da ɗaukar hoto. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sami kwangilar ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 na makarantun Najeriya, har shugabansa François Bancilhon ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa ana shirin goge ta a sa Windows. Duniya ta yi ta muhawara kan wace manhaja za ta zauna a cikin akwatin. Tambayar wa zai koya wa malamin ƙauye yadda ake kula da ko wacce daga cikinsu ba ta sami irin wannan hayaniyar ba, kuma yau da tsofaffin kwamfutoci ke neman mafaka a Linux, tambayar tana nan inda aka bar ta.

Saura memorin da ya mutu da gaske, domin akwai shi. Gurabensa suna da iyakar rubutun da za su ɗauka, kuma katin da ya tsufa sau da yawa yakan kulle kansa a karatu kawai, ko fomatin ba ya karɓa. Wannan a kwashe kaya a yi masa sallama. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa da ƙuruciya a tire aka saye su, kuma da ƙarya aka haife su. Filas mai giga 16 da ya nuna 14.9 ba cuta ba ce, masu ƙera shi da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta kuwa da 1,024. Cutar ita ce katin da aka buga wa 128 a jiki, aka kuma koya wa ɗan abin sarrafa shi ya riƙa cewa 128 ne, alhali ainihinsa giga 8. Kowace na'ura za ta gaskata shi. Zai yi aiki lafiya har ya cika takwas ɗinsa, daga nan duk abin da aka ƙara ko dai ya hau kan na farko ko ya faɗa rami, sunayen fayil na nan a jere amma ba ɗaya da ke buɗewa. Mai shi ya ɗora wa bairos, ko waya, ko Linux, ya yi fomatin, ya sake cika shi, ya sake asara. Irin wannan kaya a fili ake sayar da shi a tashoshin mota da ranakun kasuwa, kuma masu kula da ingancin kaya ba su cika leƙowa nan ba. Manhajar f3 ta Linux, ko H2testw a Windows, tana tona asirinsa: ta rubuta bayanai a gurabe, ta dawo ta karanta, ta faɗi girman gaskiya. Cikakken gwaji yakan ɗauki sa'o'i a babban kati, amma f3probe, wadda ke cikin f3, tana gama nata da sauri ƙwarai. Tana iya ɓata abin da ke ciki, don haka a kan sabon kati ake yin ta, kafin a zuba komai, kuma kafin mai tire ya bar kasuwa.